Haɓa a Ƙirji

Bana azumi ya tsere wa zafi, amma zafin bai fasa zuwa ba. Ana gama hidimar Sallah ya sauka a Gumel da kayansa. Ruwan randa ya daina sanyi, katangar ɗakina tana riƙe rana har bayan magariba, ƙadangarun da ke kan darbejiyar tsakar gida sai su buɗe baki su yi ta haki. Da na ga haka sai na koma tsohuwar sana'ata. Kullum da safe, kafin yara su ɗauki jakar makaranta, nakan tsare su a bakin zaure in ce kowa ya sa haɓarsa a ƙirji. Suna yi suna tura baki. Babansu kan tura mashin ɗinsa ya wuce sakatariya. Da can dariya yake yi mini, har suna ya laƙaba mini, wai Likitar Haɓa. An kwana biyu ban ji sunan a bakinsa ba.

Na yi shekaru ina koyar da 'yan firamare, amma ba a makaranta na koyi wannan aikin ba. A wajen mahaifiyata Inna na gaje shi, a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanzomo, shekarar da sanƙarau ya shigo mana. Lokacin ko ƙirgen dangi ban fara ba.

Daminar da ta gabaci shekarar ba ta yi kirki ba. Gero ya yi kai, ruwa ya ɗauke, aka yanka abin da aka samu. Kafin zafi ya kankama rumbunmu ya yi ƙasa, har sai an zira ni ciki da igiya a ƙugu kafin in miƙo dami. Maza duk sun tafi cin rani, har da Baba. Gari ya rage mata da tsofaffi da mu yara. Tun da jijjifi muke tafiya rijiya, domin da rana ta ɗaga Fulani za su kawo shanu, kuma su ma da haƙƙinsu. Rijiyar ta yi zurfin da in ka saki guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ya taɓa ruwa, in ya fito kuma rabinsa laka ne. Inna kan zuba shi a tulu ya kwanta, na sama a sha, na ƙasa a yi wanke-wanke, ruwan wanke-wanken kuma na awaki ne. Daga rijiya sai daka. Fura ta koma farau-farau, tuwo sau ɗaya a wuni, miyar kuka ba mai ba daddawar kirki. In rana ta take, yashi ba ya takuwa. Kowa sai ya ja tabarma gindin tsamiya ya kwanta, iska na busowa da zafi kamar daga bakin murhu, leɓe ya tsage, yara su yi ta haɓo.

Waɗanda suka ci kasuwar Maigatari ne suka fara kawo labari, wai wani ciwo yana kwasar yara a ƙauyukan iyaka. Ba a jima ba ya shiga gidan mai unguwarmu. Yaro zai tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin la'asar ƙeyarsa ta sanƙare, kansa ya koma baya, jikinsa ya banƙare. Wani ma ba ya ganin wata safiyar. Ana cikin haka wani ma'aikacin lafiya ya zo a kan mashin, ya tara mata a ƙofar mai unguwa. Ya ce a daina cunkusa yara a ɗaki, a riƙa kwana a fili. Ya ce kullum a sa yaro ya sunkuyar da kai, in haɓarsa ta ƙi taɓa ƙirji kada a jira, a nemi asibiti.

Inna ba ta yarda da ganin ido kawai ba, ta san yaro da wayo. Sai ta samo aduwa. Da mun dawo daga rijiya za ta jera mu, ni da ƙanena Sani da 'ya'yan baffanmu, ta sa wa kowa ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Wanda ya riƙe ta har Inna ta ce ya isa, aduwar ta zama tasa, ya ɓare ya tsotse. A shekarar yunwa wannan ba ƙaramin lada ba ne. Mu mun ɗauke shi wasa, har gasa muke yi, wani ya yi tafiya da ita, wani ya yi rawa. Sani ya fi kowa iyawa, yana riƙe da tasa yana yi mana gwalo.

Wata safiya tasa ta faɗi. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ta zame ne." Ta ɗauka ta mayar masa, ta sake faɗuwa. Ya ɗan lumshe ido ya ce kansa ke sara. Muna ta yi masa tsiya an ci shi yau, Inna kuwa ta riga ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi.

Babu mota a garin. Maƙwabcinmu ya ɗaura wa shanunsa amalanke, shanun da haƙarƙarinsu duk a waje. Inna ta zauna ta ɗora kan Sani a cinyarta, ta ɗaga zane tana yi masa inuwa, ni kuma ina bin su a ƙasa da gorar ruwa, ina tsalle daga inuwar wannan geza zuwa waccan saboda ƙunar yashi. Ƙafar amalanken sai ta nutse, a sauka a tura. Tun yana cewa rana na cizon idonsa, a rufe masa, har ya daina magana. Kansa ya yi ta komawa baya a kan cinyar Inna, maƙogwaronsa yana kallon sama. Muna hango motoci suna wucewa a kan kwalta can nesa sai Inna ta sauke zanen ta lulluɓe shi da shi. Ta ce wa mai amalanke, "Juya da mu gida, Malam Ado. Allah Ya biya ka."

Ciwon bai bar garin ba sai da ruwan farko ya sauka. Na tuna ƙamshin ƙasa ranar, da yadda mata suka fito da kowace ƙwarya da tukunya suna tara. Washegari muka fita shuka. Inna na sara da sungumi, ni kaɗai ke bin ta da iri, layin da Sani ya saba bi kuwa sai da muka dawo muka yi shi daga baya. Tun daga shekarar, in zafi ya shigo, ni ba na ganin wuyan yaro in ƙyale.

Aka yi mini aure a Gumel, na haifi 'yar fari mace. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka Inna ta yi wa yayanmu, haka na tashi na gani. Ana yaye ta Inna ta ɗauke ta, ba ta dawo hannuna ba sai da za ta shiga makaranta. Kowa na kiranta Bilki, ni kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan", in da ƙannenta nake magana kuma "yayarku". Ban taɓa jin abin ya dame ni ba. Ina son ta son da ban yi wa sauran ba, kuma na ɗauka ta sani.

Da ta sami jami'a, babanta ya sayo mata babbar waya, don an ce yanzu karatun duk a ciki yake. Hutun farko da ta dawo, sai na ga an canza mini yarinya. Ta tafi da wuyanta a miƙe, irin na 'yan matan da suka saba ɗaukar tulu, ta dawo kai a gaba, kafaɗu a tattare, doro na neman fitowa. A zaune waya, a kwance waya, tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya ɗayan na riƙe da waya. Raina ya yi ta ɓaci.

"Ke, ɗago kanki. Allura kika yar a ƙasa?"

"Umma, karatu nake yi wallahi. Malamai ba sa ba da takarda yanzu, komai a waya suke turowa. A ɗakinmu na makaranta ko tebur babu, a kan gado muke karatu, in kana gadon ƙasa ma ba ka iya miƙewa zaune. In an ɗauke wuta kuma ita ce fitilar."

"To hirar da nake ji kina wa dariya, ita ma malamai ne suka turo?"

Sai ta yi murmushi, ta ɗaga kai na ɗan lokaci don ta faranta mini, ina juya baya ta koma.

Ba a daɗe ba jiki ya fara karɓar haƙƙinsa. Da farko ƙeya ce ke riƙewa, daga nan ya sauko allon kafaɗa, babban yatsanta na dama ya riƙa sagewa. In za ta waiwaya sai ta juyo da jiki gaba ɗaya. Ta ce a ɗakinsu babu wadda ba ta da man zafi a jaka, junansu suke yi wa tausa kafin su kwanta. Wani hutu ta dawo ana tsakiyar bazara, ta ajiye jaka ta dafe ƙeya ta ce, "Wash, wuyana." Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba. Na ce ta sa haɓa a ƙirji. Ta sunkuya, ya rage kaɗan ta tsaya tana yamutsa fuska. Ko ruwa ban bari ta sha ba na tasa ta gaba sai asibiti.

Likitan ya duba ta a tsanake, ya auna zafin jikinta, ya haska idonta, ya juya kanta hagu da dama. Sannan ya tambaye ta awa nawa take yi a kan waya, sai ta hau wasa da bakin hijabi.

"Malama, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ba sanƙarau ba ne. Ba zazzaɓi, idonta garau. Kan mutum nauyi gare shi, in aka rataye shi gaba daga safe har dare, jijiyoyin wuya da kafaɗa ne ke ɗaukar kayan. Ɗalibai da yawa da irinsa suke zuwa mana." Ya juya wajenta. "Ki riƙa ɗago wayar daidai idonki, ki riƙa tashi kina miƙewa, kada ki yi karatu a kwance. In ba haka ba za ki tsufa kafin mamanki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta bi maganarsa na kwana biyu kacal. Ni ce na sha tsiya. Maƙwabciyata Hajiya Talatu ta leƙo ta katanga tana cewa, "Malama, yau kuma a kan 'yar fari ake wannan rawar jiki? Ina kunyar ta tafi?" Babansu ya ce ai Likitar Haɓa ta gamu da ciwon zamani. Da zafi ya sake zagayowa na kuma kai ta, aka kuma dawo da mu da man shafawa. Daga nan maganar wuyanta ta zama abin dariya a gidan. In ta ce wash, ƙannenta su haɗa baki su ce, "Waya ce." Ita ma dariya take yi.

Sai shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Wanda ya yi wannan azumin a Gumel ba sai an ba shi labari ba. Wuta ta ɗauke ta manta da mu, famfo ya ƙafe, 'yan garuwa sai ka bi su da roƙo. Ana sahur ana gumi. Kafin hantsi maƙogwaro ya bushe, yawu ya yi kauri. Da azahar sai mu jiƙa zannuwa mu lulluɓa mu kwanta a kan siminti, kafin ka juya zanen ya bushe. Bayan la'asar a tura yara layin ƙanƙara, sau da yawa su dawo da kula ba komai. Ni kuma ina gaban murhu, ga kunun gyada ga ƙosai, hayaƙi na shiga ido, jiri na ɗibata. In an sha ruwa babu mai neman abinci, kowa kofi yake riƙe da shi har ciki ya cika tim. Cikin haka labari ya fara zuwa daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, cewa sanƙarau ya dawo. Na sa aka fitar da tabarmi tsakar gida, na koma jera yara da safe.

A goman ƙarshe yarinyar nan ta dawo hutun Sallah, da jarrabawa a gabanta da zarar an koma. Ta rame, ta ce ɗakin nasu ya cika har da masu kwana a ƙasa, ga zafi ba a iya buɗe taga saboda sauro. Ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta duƙufa a kan wayarta, tun daga asuba har lokacin ɗora tukunya. Wata ranar da aka sha ruwa ta ƙi taɓa ƙosai, ta ce kanta kamar zai rabe, wuyanta kuma ya riƙe.

"Waya ce," in ji babanta. "Ga azumi, ga rana. Ki sha magani ki ajiye abin nan ki huta."

Na ce ta sa haɓa a ƙirji. Ta gwada ta kasa.

"Umma, rabon da haɓata ta taɓa ƙirjina ai kin sani. Wuyan nan ne dai na kullum. Don Allah kada ki sake kai ni a yi mana dariya."

Na taɓa goshinta na ji ɗumi. To amma a wannan watan me za ka taɓa ka ji sanyi? Ƙofa da zafi, tabarma da zafi, randa ma da zafi. Na dafa ruwa na ba ƙanwarta tawul ta gasa mata wuyan, ta ce ta ji dama. Abin da Inna ta bar mini na gane ciwo da shi, wayar nan ta riga ta lalata shi tun tuni, domin wuyan da kullum a riƙe yake ba ya nuna ranar da ya riƙe da gaske.

Washegari ta ɗauki azumi, ta ce za ta kwanta a ɗaki. Bayan azahar ina gindin darbejiya ina surfa wake sai na ji wayarta tana ruri. Ta yi ta yi har ta katse. Ta sake ɗauka, ta katse. Na tsaya da taɓarya a hannu. Tun da aka sayi wayar nan ban taɓa jin ta yi ruri ta gaji a gidan ba.

Na ɗaga labule na tarar ta toshe taga da hijabinta. Wayar tana ƙasa a kife, nesa da hannunta, kamar wadda aka jefar. Ita kuma tana kan katifa, bayanta ya banƙare, kanta ya koma baya, maƙogwaronta yana kallon rufi. Hasken da ya biyo ni ta ƙofa ya sauka a fuskarta, ta runtse ido ta ce, "Umma, saki labulen, hasken yana soka mini ido."

Shekara da shekaru ina faɗa ina cewa ta ɗago kanta. Ga shi ta ɗago. Na ji ƙunar yashin hanyar Ɗanzomo a tafin ƙafata, ni da nake tsaye a kan siminti. Tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar Sani, domin ranar Sani ban san abin da ke zuwa ba.

Ban san na fita titi ba mayafi ba sai da Hajiya Talatu ta yafa mini nata. Ita ta tsayar da mai adaidaita, ita ta kama ƙafafu na kama kafaɗu. Ba ta yi maganar kunya ba. A cikin adaidaitar na ɗora kan yarinyar a cinyata, rabon da haka ta faru tun tana shan nono. Jikinta kamar garwashi. Hanyar kwalta ce, asibitin kuma ba nisa, amma ina ta ce wa yaron ya ƙara wuta, ina kare mata rana da gefen mayafi. Na ce a raina, Ya Allah, kada Ka sa in ce wa wannan ma ya juya da mu gida.

Asibitin ya cika ya batse. An kafa rumfuna a fili, marasa lafiya a kan tabarmi, robobin ƙarin ruwa a rataye jikin rassan bishiya. Ma'aikatan na azumi kamar kowa, leɓunansu a bushe, suna ta kai da kawowa. Likitan nan ne dai na da. Ya gane ni, har ya fara murmushi, sai ya sa hannu a ƙeyarta ya gwada ɗago kan. Kafaɗunta suka taso tare da shi, ta yi ƙara. Murmushin ya ɓace, ya ƙwala wa nas kira.

Babanta ya iso hularsa a hannu. Aka ce za a fara allurai nan take, kuma za a ɗebi ruwan bayanta a auna. Ya ja ni gefe.

"Malama, an ce fa in aka ɗebi ruwan bayan mutum ba ya ƙara tashi."

"Malam, wanda ba a ɗibar wa ba na gani da idona yadda ya ƙare. Ka ce su ɗiba."

Sauran azumin a gefen tabarmarta na yi shi. Ban san me nake buɗa baki da shi ba, abin da Hajiya Talatu ta miƙo mini shi nake haɗiya. Ina jiƙa tsumma ina goga mata, ina kore ƙuda, ina kallon ruwa na ɗiga a roba. A gefenmu aka lulluɓe wani yaro daga Maigatari, aka naɗe tabarmarsa, kafin la'asar an shimfiɗa wa wani. Ranar Sallah muna jin kabbarar masu tafiya idi daga nesa. Dangin babanta suka zo da tuwon Sallah, surukata na zaune, yayyensa na tsaye. A gabansu jikinta ya hau karkarwa, haƙora suka datse, idanu suka juye. Can sai ta saki, ta yi laƙwas, ban ga ƙirjinta na motsi ba.

Na kama fuskarta da hannu biyu na kira sunanta. Cikakken sunan, wanda aka raɗa mata ranar suna, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Na kira, na sake kira, da ƙarfin da har na rumfar gaba suka waiwayo. Ban ga surukata ba, ban ga kowa ba. Ina kira ina cewa ga ni, ni ce, kada ta tafi. Ba ta motsa ba. Nas ta ture ni gefe suka rufu a kanta.

Allah Ya bar mini ita. Zazzaɓin ya sauka a hankali, wuyan ya fara saki, wata safiya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Muna ta hamdala, babanta har da hawaye. Ana cikin haka wata mai jinya ta saki kwanon silba a kan siminti, kowa ya zabura, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi magana da ƙarfi, da wata murya da ba ta san tsayinta ba.

"Umma, me ya sa kowa yake motsa baki ba ya magana?"

Likita ya ce ciwon yakan tafi da ji, wani ya dawo, wani ba ya dawowa. Aka tura mu babban asibiti a birni, aka yi aune-aune. Nata bai dawo ba, duka biyun. Ranar da ruwan farko ya sauka muna gida, yana dukan kwanon rufi har ba ma jin juna, ita tana zaune a bakin ƙofa, sai da ƙamshin ƙasa ya iso mata sannan ta waiwaya ta ga ana ruwa.

Abu na farko da ta nema da ta sami ƙarfi shi ne wayarta. Ni da hannuna na ɗauko na goge mata ƙura na kai caji. Ta rasa shekara guda, amma ta koma jami'a. Ƙawayenta na turo mata abin da aka koyar, akwai kuma wani abu a wayar da ke mayar da maganar malami rubutu tana karantawa. Yanzu kunnenta ma wayar ce, don haka sunkuyon ya fi na da, ciwon wuyan ma haka. Na sa kafinta ya yi mata ɗan katako da take jingina wayar a kai, tana amfani da shi in ta tuna. In ta dawo hutu ni nake shafa mata man zafi a kafaɗa, a tsakar gida, kowa na gani. Ni ma an saya mini tawa. Da yatsa ɗaya nake rubutu, tabarau a kan hanci, kuma ga shi ƙeyata ta fara riƙewa.

Shekaranjiya da hantsi muna zaune a rumfa, ina tsince shinkafa, tana gefe a duƙe. Wayata ta yi ƙara. Na duba, ita ce, ga ta ga ni.

"Umma, Baba ya ce ranar Sallah a asibiti kin kira sunana a gaban danginsa. Da gaske ne?"

Na gyara tabarau. Na rubuta mata, "Da gaske ne."

"Ban ji ba."

Na ajiye farantin. Na lalubi haruffan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta sunan na tura. Ta karanta. Sai ta kife wayar a kan tabarma, ta ɗago kai, ta matso har gwiwarta na taɓa tawa. Ta ɗora yatsunta a maƙogwarona, ta kafa wa bakina ido.

"Ba a waya ba, Umma," ta ce da muryar nan tata mai ƙarfi. "Faɗa da baki. Ina kallo."

Na ce, "Bilkisu."

Ta ce in sake, na sake. Ta gyaɗa kai, ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki wayarta ta koma karatu. Kanta ya yi ta sauka har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji. Na zauna ina kallon ƙeyarta, ban ce ta ɗago ba.